Zuwa Mambila da jakar goyo daga Gusau ko Birnin Kebbi: a damina ko a rani?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'a. Akwai matasa huɗu a nan Gusau da ke son zuwa tsaunin Mambila a Jihar Taraba su ga gonakin ganyen shayi na Kakara, su yi 'yan kwanaki suna yawo da ƙafa da jakar goyo, ba da motar gida ba. Sun tsayar da watan Agusta saboda hutu. Masu sanin wurin su faɗa mana, lokacin ya yi? Wace hanya za su bi, me za su ɗauka?

Direban Jega: Wa alaikumus salam. Agusta? Su sake shawara. Wagga tafiya ba ta tsakiyar damina ba ce. Ruwan Mambila yana farawa tun wajen Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, kuma a Agusta ana iya wuni ana yayyafi ba a ga rana ba. Babbar hanya mai kwalta ce, amma da ka sauka daga kanta za ka shiga ƙauyuka, jar ƙasa ce mai santsi kamar an zuba kuɓewa. Su bari sai Disamba.

Hanya kuwa: Gusau, Tsafe, Funtuwa, Zariya, Kano. Daga Kano a nemi motar Gombe, a bi Kaltungo a faɗa Numan, a ƙetare Binuwai, sai Jalingo. Wanda ya taso daga Birnin Kebbi ko dai ya bi Jega, Tambuwal, Sakkwato, Talata Mafara ya haɗe da su a Gusau, ko ya yi kudu ta Koko, Yawuri da Kontagora. Daga Jalingo hanya ɗaya ce: Bali, Serti, Mayo Selbe, sai hawa, sai Maisamari, Nguroje, Gembu. A ware kwana uku zuwa, kwana uku dawowa. Ba wanda zai bi Gusau zuwa Funtuwa da dare, wannan ba sai an faɗa ba.

Malamar Zuru: Kawu, ban da hanyar da ka zana, ban yarda da Disamba ba. Idan ganyen shayi suke son gani, Disamba da Janairu ne mafi munin lokaci. Bishiyar shayi tana rage toho idan ruwa ya ɗauke kuma dare ya yi sanyi, tsinka ta ragu, aikin masana'anta ma ya ragu. Ga hazon hunturu ya rufe duwatsu, ga makiyaya sun ƙone ciyawa don sabuwa ta fito, sai ka tarar da tuddai baƙi ƙirin a maimakon koren da kake gani a hoto. Ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ya fi: ruwa ya yi sauƙi, ƙasa ta fara tsanewa, ciyawa ba ta bushe ba, hazo bai sauko ba.

Direban Jega: Malama, kore ake ci? Ni lafiyar yara nake dubawa.

Malamar Zuru: Ai koren suka taso gani, Kawu. In ƙura da busasshiyar ciyawa ce, akwai su a Gusau kyauta.

Bakabe Mai Taswira: Ku biyun kuna da gaskiya, amma kun bar abin da ya fi kayar da mutumin Kebbi da Zamfara a can. Ba nisa ba ne, sanyi ne mai haɗe da jiƙa. Tudun Mambila ya kai wajen mita 1,600 a sama da teku, shi ne tudu mafi tsawo a Najeriya. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Birnin Kebbi ba ta kai mita 300 ba. Sanyin da muka sani na hunturu busasshe ne, ka sa rigar sanyi ka sha rana da hantsi ya wuce. Na can idan ruwa ya taɓa ka, iska ta buge ka a kan fili babu bishiya, jiki yana zubar da ɗuminsa da sauri ƙwarai. Alamar farko karkarwa, sannan yatsu su kasa ɗaure igiyar takalmi, sannan magana ta fara sarƙewa. In an kai nan, a cire masa jiƙaƙƙun kaya nan take, a naɗe shi da busasshe, a ba shi abu mai ɗumi da sukari.

Saboda haka maganar sutura ita ce gaba. Auduga tana shan ruwa ta riƙe. Shadda, wandon jins, singileti na auduga, duk in sun jiƙe ba sa bushewa a irin wannan iskar, ko an shanya kwana biyu. A sa riga ta ciki irin ta 'yan ƙwallo, a ɗora suwaita, a ɗora rigar ruwa. Uku sirara sun fi babbar jaket guda, domin a hawa za ka yi gumi ka cire ɗaya, a tsayawa ka mayar. Hular sanyi da safa mai kauri ƙafa uku. Ƙafa ɗaya ta barci ce kawai, ba a fita da ita ko da me.

Ɗan Tudun Wada: Ciwon hawan dutse fa, wanda ake cewa numfashi yana ɗaukewa?

Bakabe Mai Taswira: Wannan yakan fara ne daga wajen mita 2,500. Dutse mafi tsawo a ƙasar nan, Chappal Waddi, da ake kira Gangirwal, mita 2,419 ne, yana can bakin iyakar Kamaru a cikin gandun Gashaka-Gumti. To a Gembu da Kakara ba abin tsoro ba ne. Za su yi haki a kwanan farko, shi ke nan. Mai asma ya riƙe maganinsa a aljihu, ba a ƙasan jaka ba.

Nas ta Kauran Namoda: Bari in shigo a nan, domin akwai abin da yake kashe mutane a wuraren sanyi kuma mutanenmu ba su ɗauke shi komai ba: kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum zai ji ciwon kai da jiri ya ce gajiya ce, ya kwanta, ba zai farka ba. In za a ji ɗumi a ji a waje ko a bar taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin barci. Janareta ma haka, kada a kwana kusa da shi.

Sai ruwan sha. Rafin can zai yi maka kyau a ido, garau da sanyi, amma shanu suna sama da kai a kan tudu. A tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin tsaftace ruwa yadda aka rubuta a jikin kwalba, a jira rabin awa. In gudawa ta kama wani: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali, duka a shafe ba a tsiri ba. Ya fi kyau a sayi na ƙunshi a kemis tun daga gida. Kuma kada a ce sama da sanyi babu sauro a bar gidan sauro. Jalingo, Bali da Serti duk ƙasa suke, da zafi, da sauro. Zazzaɓin da aka kwaso a Serti sai an yi mako ko fiye yake bayyana, watakila sun riga sun dawo Gusau.

Direban Jega: To tun da Malama ta ƙi Disamba, bari in faɗi abin da na sani na hawan, don ko a wane wata ne shi yana nan. Daga Mayo Selbe hanya take miƙewa sama, ana kiran wurin Hawan Biyu da Sisi. Kwana ce bisa kwana, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami. A tasha ku dubi motar kafin ku biya. Tayoyi in sun suɗe, ku bar ta. Lodi in ya yi yawa a but har bayanta ya zauna, ku bar ta. Inji yana rasa ƙarfi a sama don iska ta yi ƙaranci, ga lodi, ga giya ɗaya da biyu, shi ya sa lagireto ke tafasa. In ta tafasa, ba a buɗe murfin da zafi, ruwan zai yi tsiri ya ƙone fuska. A tsaya, a sa dutse a bayan taya, a jira.

Amma sauka ta fi hawa haɗari. Direban da ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, kafin rabin gangara birkin ya ɗau zafi, man birki ya tafasa, ya taka ya ji fanko. Da giya ake sauka, giyar da ka hau da ita, birki ɗan taɓawa ne a saki. In kun ji ƙaurin birki ku ce a tsaya, ba rashin kunya ba ne. Kuma kada a watsa ruwan sanyi a kan faranti mai zafi, yana lanƙwashewa. Ku bar Jalingo da sassafe don ku hau da rana, gajimare yakan sauko kan hanyar da yamma har ba ka ganin gaban mota.

Malamar Zuru: Wannan kam ba musu, Kawu.

Mai Shayi na Argungu: Ni tambaya gare ni, Malama. Ganyen da ake tsinka a can, shi ne dai wanda muke zubawa a buta? Kuma wanda Buzaye ke dafawa a ƙaramar buta, kore mai ɗaci, wata bishiya ce daban?

Malamar Zuru: Bishiya ɗaya ce, Malam, masana na kiranta Camellia sinensis. Bambancin a sarrafawa yake. In an bar ta za ta zama itace mai tsawo, amma ana aske ta a tsayin ƙugu, saman ya zama shimfiɗe kamar tebur don hannu ya kai. Shi ya sa gonar take kama da an shimfiɗa darduma a kan tudu. Abin da ake tsinka kan toho ne kawai: ganye biyu da tsiron da bai buɗe ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu a dawo kan bishiyar a sake tsinka. Mai tsinka yana goye da kwando, yana jefawa ta kan kafaɗa. In ya haɗa da tsohon ganye mai tauri don awo ya yi nauyi, shayin zai fito da kara-kara kuma ba ƙamshi. In ya danna ganyen a kwando, ko aka bar shi a buhu cikin rana, zai ɗau zafi ya fara ja tun kafin ya isa masana'anta, ya lalace ke nan. Don haka ake son a kai shi cikin 'yan awoyi.

A masana'anta mataki biyar ne. A baza shi a dogayen kwalaye ana hura masa iska ta ƙasa wajen awa 12 zuwa 18 har ya yi yaushi, ka matse shi a hannu bai karye ba. A zuba shi a inji ya murƙushe, ya yage, ya dunƙule shi ƙanana. Sai a baza shi a wuri mai sanyi da laima awa ɗaya zuwa uku, iska ta shige shi, ya tashi daga kore ya koma launin jan ƙarfe. Nan ne gwaninta take: in an gaggauta, shayin zai yi ɗanye-ɗanye, in an wuce lokaci ya yi lami. Sannan a busar da iska mai zafi har laimar ta koma kusan kashi 3 cikin 100. Ƙarshe a tankaɗe a rariya iri-iri, manya daban, gari daban. Garin ne yawanci ake ɗurawa a 'yan jakunkunan nan masu zare, shi ya sa suke saurin ba da launi. Ɗanyen ganye kilo huɗu zuwa huɗu da rabi ke ba da busasshe kilo ɗaya.

Na Buzaye kuwa, da an tsinko ake sa masa zafi don kada ya yi ja, sai a murza a busar. Yawancin wanda ke kasuwanninmu daga Sin ake kawo shi.

Mai Shayi na Argungu: Ikon Allah. To in haka ne, su yaran su zo mana da dashe mana, a gwada a fadama. Ruwa dai ba mu rasa shi ba.

Malamar Zuru: Asarar kuɗin mota ce, Malam. Shayi yana son ruwan sama mai yawa, sama da milimita 1,200 a shekara, kuma a rarrabe, ba a zubo shi cikin wata uku ba. Amma ba ya son ruwa ya kwanta masa a saiwa, abin da ya sa ake shuka shi a gangare ke nan. Fadama kuwa ruwa kwance ne. Yana son ƙasa mai tsami, yana son zafi tsakanin digiri 18 da 30. Afrilun Argungu da ke wuce 40 zai soya shi. Ko a can sai ya yi wajen shekara uku kafin a fara tsinka. Riƙe shinkafarka.

Bakabe Mai Taswira: Duk inda aka yi suna da shayi a ƙasashen zafi, ka duba, kan tudu ne. Kericho a Kenya tana wajen mita 2,000. Nuwara Eliya a Siri Lanka ta haura mita 1,800. Darjeeling a Indiya gindin Himalaya take. Ko a ƙetaren iyaka, Ndu ta Kamaru, tudu ɗaya ne da Mambila. Sanyi yana sa ganye ya girma a hankali, ƙamshi ya taru. Kamfanin da ke Kakara shi ke yin Highland Tea, kuma cibiyar binciken itacen koko ta ƙasa tana da reshe a Kusuku inda ake aiki a kan shayi.

Tun da na ambaci Kamaru: kada kusancin iyaka ya ruɗe su. Yankin Mambila kansa sai a 1961 ya shigo Najeriya, bayan ƙuri'ar raba gardama, daga nan sunan Sardauna ya samo asali, wanda ƙaramar hukumar ke ɗauke da shi har yau. Dangi suna nan da can, mutanen wurin suna ƙetarawa. Baƙo ba haka ba. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, kuma ɓangaren da ke maƙwabtaka da wurin yana fama da rikici. Hanyar ƙafa a kan tudu ba ta da allo. A ɗauki ɗan jagora ɗan gari.

Alhajin Yawuri: Duk kun yi maganar hanya da ganye, ba wanda ya yi ta mutane. Yara, ku ji. In kun isa ƙauye, wurin mai gari ake fara zuwa a yi gaisuwa a faɗi abin da ya kawo ku, kafin a ɗaga waya a fara hoto. Ƙasa ce da aka sha rigimar gona da kiwo, fili kuma duk da mai shi ko ba ka ga kowa ba. In kun ga shingen waya, kada ku tsallaka, ku nemi ƙofa. Fulatanci ya fi yawo a bakin mutane a can, amma Hausa za ta fisshe ku a kasuwa da tasha. Gonar shayi da masana'anta wurin aikin mutane ne, a je ofis a nemi izini, kada a faɗa kamar gonar gado. Haka gandun Gashaka-Gumti, ofishinsu yana Serti, ba a shiga sai da takarda da ma'aikacinsu. Dajin Ngel Nyaki ma da masu kula da shi. Kowa ya riƙe katin shaidarsa a jiki, shingayen jami'an tsaro suna da yawa, kuma matasa huɗu daga Zamfara da manyan jakunkuna za su sha tambaya. A amsa da ladabi, a riƙe sunan wanda za a sauka wurinsa.

Ɗan Tudun Wada: Baba, mun gode. Jakar fa, wace iri, nauyi nawa?

Bakabe Mai Taswira: Mai cin lita 40 zuwa 50, mai ɗamara a ƙugu. Ɗamarar ce ke ɗaukar nauyin, ba kafaɗa ba. Jakar makaranta mai siraran hannuwa za ta yanke kafaɗa kafin azahar. Nauyi kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita: mai kilo 60 ya tsaya a kilo 12, har da ruwa. Kafin a zuba komai a zura babbar leda mai kauri a ciki, a zuba kaya a cikinta, a murɗe bakin. Bargo a ƙasa, abu mai nauyi a tsakiya manne da baya, rigar ruwa da tocila a sama inda hannu zai kai ba tare da an zazzage ba. In nauyi ya yi nesa da baya, a gangara zai ja mutum ya faɗi.

Takalmi kada ya zama sabo. A saye shi yanzu a yi mako biyu ana yawo da shi. Ya zama mai ƙwarya-ƙwarya a ƙasa, kuma da ɗan sarari a gaban yatsu, in ba haka ba a gangara farce zai riƙa dukan takalmi har ya mutu. Da an ji wuri yana zafi a ƙafa, a tsaya a manna filasta kafin ya zama bororo. Sanda irin ta makiyaya tana rage wa gwiwa aiki. Tafiyar yini kada a auna ta da ta filin Gusau: kilomita 10 a can, da hawa da sauka, ta ishi wanda bai saba ba. Hadari in ya taso da tsawa, a sauka daga kan tudu, kada a fake a gindin bishiya tilo.

Tsabar kuɗi ƙanana a riƙe, sabis yakan ɗauke a ƙauyuka, mai POS ba abin dogaro ba ne. Batirin waya ma yana saurin zuƙewa a sanyi, a kwana da ita cikin bargo.

Direban Jega: Kabu-kabu shi ne motar ƙauyukan can, da tsofaffin Land Rover. Mutum ɗaya da jakarsa a babur ɗaya, kada a yi goyon biyu don ragin kuɗi. A yi ciniki kafin a hau, a faɗi ko da jira da dawowa.

Nas ta Kauran Namoda: Abinci fa kada su yi dakon wake. A wannan tsawon ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 95, ba 100 ba, wake zai cinye musu gas bai nuna ba. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi, taliya. Dankalin turawa, ayaba, fiya, masara da nono duk akwai su a can.

Mai Shayi na Argungu: Ashe shi ya sa ake cewa shayin kan dutse sai an bar shi ya jima a buta. To in sun sayo mana tsaraba, yaya za su kawo shi bai lalace ba?

Malamar Zuru: Busasshen ganye yana zuƙar laima da wari kamar soso. Kada ya kwana jaka ɗaya da sabulu, turare, kilishi ko jiƙaƙƙiyar safa. A bar shi a ƙunshinsa, a ƙara leda biyu, in an iso a juye a gwangwani mai murfi a ajiye inda rana ba ta kai. A duba kwanan watan da ke jikin kwali. Na awo kuwa a murza kaɗan a tafin hannu: mai kyau zai ruƙushe ƙaras, wanda ya sha laima zai lanƙwashe.

Ɗan Tudun Wada: Na isar musu. Biyu sun ce Nuwamba, ɗaya ya ce hutunsa Agusta ne kawai ba shi da wani.

Direban Jega: To shi wannan ya ƙara kwana biyu a lissafinsa, don a damina gada ko kwalbati na iya yankewa a kwana a hanya. Kafin ya bar Jalingo ya tambayi direbobin da suka sauko a ranar, ba 'yan kamasho ba. Ɗan kamasho kullum hanya lafiya take.

Malamar Zuru: Kuma ya sayi takalmin roba mai tsawo a kasuwar Gembu, irin na masu tsinka. Raɓar da ke kan bishiyoyin da safe kaɗai ta isa ta jiƙa shi har ƙugu, ko ba a yi ruwa ba.